Roƙon Ruwan da Ban Ce wa Amin Ba

Jama'a, ku ajiye zagin tukuna, ku bari in kai ƙarshe. Na san duk wanda ya ji an ce ɗiyar limami ta ƙi cewa amin ranar roƙon ruwa, abin da zai fara faɗi shi ne an yi asarar tarbiyya. To ni ce, Sadiyatu ta Ƙofar Atiku, kuma da bakina nake ba ku labari.

Lokacin ne kuɗin mai suka fara haukata Sakkwato. Soja ke mulki, albashi ya tashi, kowane lungu ka leƙa sabon babur ne ko akwatin rediyo. Yaya Lawwali, wanda jiya-jiyan nan yake koyarwa da keke, ya zama ɗan kwangila, ya sayi farar Fijo, har ya fara ajiye tumbi. Amma sama ta ƙi. Fari ya riga ya cinye shanun mutane a shekarun baya, ga shi bana ma lokacin shuka yana wucewa ko yayyafi babu.

Shi kuwa mutumin nawa, Hayatu, ba Fijo ba tumbi. Malamin daji ne. Dogo, baƙi, siriri, kullum cikin kaki. A makarantar 'yan matan da nake koyarwa muka haɗu, ranar da ya kawo mana dashen dogon yaro a cikin 'yan baƙaƙen ledoji. Ni da son a sani, na karɓi fartanya a gaban ɗalibai, na yi rami, na cusa nawa na rufe. Sai na ji an ce daga bayana, "Malama, da ledar kinka binne shi? Ai kin yi mai likkahwani tun da rai nai."

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Na kwana biyu ina jin haushinsa, daga baya na gane ba haushi ba ne.

Aikinsa can yake a Tungar Faru, bakin iyakar Nijar, inda rairayi ke cinye gonaki yana kora mutane birni. So yake ya haɗa ƙauyukan wajen su yi gayya, su dasa itatuwa layi-layi su tare iska. Da wuya suka yarda, don an taɓa yi musu abin da ba su manta ba. Wasu ma'aikata sun sa an buga gangar gayya, jama'a suka bar gonakinsu suka fito da galma, suka jira har rana ta take, ba wanda ya zo. Tun daga nan suka rantse ba su ba gayyar gwamnati. Sai da Hayatu ya tare a cikinsu, ya sha furarsu, ya je jana'izarsu, sannan dattawa suka ba shi rana ɗaya tak. In ruwan shuka ya sauka, washegari ta geronsu ce, ranar da ke bi mata tasa ce. Kuma al'adarsu, mai gayya shi ke fara sara. In ba su gan shi a gaba da galma ba, kowa zai saɓa tasa ya koma gida, ba kuma za su sake amsa kira ba.

Wannan aikin ne ya jawo mini abin da nake ciki. Danginsa sun riga sun kawo kayan na-gani-ina-so: atamfa, leshi mai ruwan ƙwai, sabulai, turare da goro, duk a cikin babbar kwalla mai fure. Amma Baba ya ce ba zai sa rana ba sai ya ga yaron da idonsa ya ji karatunsa. An sa lokaci, Hayatu bai zo ba, wai rikici ya tashi tsakanin makiyaya da manoma a kan burtalin da layin itatuwa zai ratsa. An sake sawa, bai zo ba, awaki sun fasa shingen da suka kafa. A karo na uku Baba bai aiko Inna ba, ni ya kira zaure da kansa.

"Assabar, bayan la'asar," ya ce, bai ko ɗago daga littafin da ke gabansa ba. "Na aika ma ƙannena na Wurno su taho. In yaz zo, mu gane shi. In bai zo ba, kak ki ƙara kawo min sunanai gidan ga. Wanda ba shi riƙe alƙawalin yini guda, ba ni ba shi amanar ɗiya."

"To, Baba."

Wanda ya san Baba ya san maganarsa zarar bunu ce.

A satin ne aka fara fita roƙon ruwa. Daga Alhamis, kullum da hantsi Baba zai sa tsohuwar rigarsa, ya yafa mayafi, ya ja jama'a zuwa fili. A cikin gida Inna na daka gumbar sadaka, mata suna tayawa. In ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ka jiƙanmu, ka ba mu ruwa masu albarka," gida ya ɗauka da amin. Ni kuwa sai in sunkuya kamar ina gyara ɗankwali, ina motsa leɓe ba sauti. Lissafina a fili yake: in ruwa ya sauka kafin Asabar, Hayatu na Tungar Faru ne, ba nawa ba. Wallahi ina jin tsoron Allah, ina jin kunyar kaina, amma amin ɗin nan ta ƙi fita.

A bayan randarmu akwai wani ɗan dogon yaro a leda da Hayatu ya ba ni. Na so in dasa shi a ƙofar gida, Baba ya ce ba mai haƙa masa rami a gaban zaure. Sai na ajiye shi nan ina zuba masa ragowar ruwan alwala. Kowace safiya in dubi ganyensa, in dubi sama.

Asabar ta waye sama fes, ko ƙyallin hadari babu. Na ce a raina, Sadiya kin tsira. Na share tsakar gida har da waƙa. Lallena ya kama jajir, kitsona sabo, na fito da atamfar da zan sa na turara ta. Inna ta sa an yanka kaji, ana gyaran shinkafa, sababbin tabarmi suna jingine a bakin zaure.

Ina goge langa sai ga sallamar Dorcas.

Dorcas abokiyar aikina ce, mutuniyar Zuru, kuma mijinta Ishaya shi ke tuƙa lorin su Hayatu. Ba ta saba shigowa ba ta tsaya raha da Inna ba. Yau gaisuwa ɗaya ta yi, ta ja hannuna zuwa bayan ɗakin girki. Zufa har ta jiƙa mata wuyan riga.

"Sadiya, ina Malam Hayatu?"

"Lahiya?"

"An yi ruwa a Tungar Faru jiya da yamma. Ruwa sosai, Ishaya ya ce ka sa hannu a ƙasa har gwiwar hannu danshi ne. Yau suna shuka, an riga an buga ganga, gobe da sassafe gayya. Ishaya ya taso tun asuba, yanzu haka yana lambun gwamnati ana loda dashe."

"Jiya? Nan ko ɗigo ba a yi ba."

"Can an yi. Ishaya ya je ɗakin Malam Hayatu a Tudun Wada, a kulle. Ya je ofis, ba wanda ya gan shi. Kuma dole su tashi da azahar. Hanyar ba kwalta, sawu ake bi, in duhu ya yi ba a gani. Ga rafin nan, in aka ƙara ruwa a kansa lori ba zai haye ba."

Ku da kuke karanta wannan da waya a hannu, ku tuna ba ta a lokacin. Mutum in ya ɓuya ya ɓuya. Kuma a duk garin nan, in ka cire gwaggonsa, ni kaɗai na san inda yake. Gwaggo Iyatu ce ta ɗauke shi tun Juma'a ta kai shi gidanta a bayan tsohuwar kasuwa, ta ce ko gwamna ya zo nemansa ba ya nan.

Na dubi Dorcas ido cikin ido na ce, "Ban sani ba."

Ta dubi lallen hannuna, ta dubi tabarmin da ke bakin zaure. Ba ta ce na yi ƙarya ba, da ma ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

"To," ta ce. "Ishaya zai jira a bakin lambu har a kira azahar. Daga nan zai tafi shi kaɗai. Ya san ba za su fito don shi ba, amma ya ce ba zai bar dashen ya mutu a mota ba tare da ya gwada ba."

Ta fita. Na koma kan langata ina gogewa, wuri ɗaya nake ta murza har ya yi zafi. Ina ce wa kaina ai ba ni na saukar da ruwan ba. Ai itatuwa ba sa ƙarewa, baɗi ma shekara ce. Ai sau biyu na haƙura, yau ma ni ce zan haƙura?

"Malama."

Uwani ce, matar da ke yi mana daka. Su ma rairayi ne ya koro su daga wajen iyaka, mijinta yana ga-ruwa a kasuwa, ita tana aikatau. Ashe tana ɗakin girki ta tsinci zancen ruwan. Tun da ta zo gidanmu ban taɓa ganin haƙoranta a waje ba sai yau.

"Gaskiya ta, ruwa sun sauka Arewa?"

"Haka anka ce."

"Alhamdu lillahi!" Ta ajiye taɓarya tana goge ido da bakin zane. "Maigidana ya ce in anka dasa iccen ga bana, muna komawa. Gonarmu ta ag ga bakin layin. Na gaji da kwana shagon mutane, Malama." Sai ta matso ta rage murya, wai ita mai zolaya. "Naki na can ko? Ai shi ka hwara sara."

Na dubi inuwar katanga, ta fara tsukewa, azahar ta kusa. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na tashi, na sake zama. Gaba kura baya sayaki. In na yi shiru, da la'asar zai shigo zauren Baba, a sa mana rana, gobe kuma jama'a su tsaya a fili da galma suna duban hanya kamar wancan karon. In na yi magana, ni da hannuna na rushe aurena.

Ban san lokacin da na fizgi gyale ba.

"Ina za ki da ranar ga?" Inna ta ɗaga murya daga bakin murhu.

"Ɗinki za ni amsowa, Inna!"

"Wane ɗinki kuma yau?"

Na riga na kai soro. Tafiya nake kamar ana kora ta, silifas yana ƙona mini ƙafa. A hanya na yi karo da masu dawowa daga fili, riguna a juye, tsofaffi suna jan carbi, kowa fuska a bushe. Na ja gyale na rufe fuska kada wani almajirin Baba ya gane ni.

Gwaggo Iyatu ce ta tare ni a tsakar gidanta, ludayi a hannu.

"La ilaha! Ke da kanki? Yau da za a gane shi? Wanga rashin kunya hwa?"

"Gwaggo, don Allah, magana guda ta."

Kafin ta hana, Hayatu ya fito daga ɗaki. Jama'a, ban taɓa ganinsa haka ba. Farar babbar riga ta aro mai aska, hula ta zauna daidai, an yi masa aski, ga littafin fiƙihu a hannu, ashe bita yake kada Baba ya kayar da shi. Ya yi kyau har na ji haushi. Yana ganina ya yi murmushi, yana ganin idona murmushin ya ɗauke.

"Mi ya hwaru, Sadiya?"

"Ruwa sun sauka Tungar Faru jiya. An buga ganga. Ishaya na bakin lambu, da azahar za shi tashi."

Gwaggo ta saki ludayi. "Ke ɗiyar ga, kina da hankali kuwa? Wa ya aike ki?"

Shi kuwa ya rufe littafin a hankali, ya dubi sama ta arewa, ya dube ni.

"Da ba ki hwaɗa min ba," ya ce.

"Na gwada."

"Bari in biya in ga Baba yanzu, in roƙe shi."

"Shina masallaci da jama'a, ba shi shigowa sai an yi salla. Kuma ya ce ba shi ƙara jin hanzari. Ka san shi."

"To ba ni zuwa. Na zauna. Ishaya shi tahi, in bi shi gobe."

"Gobe da wace mota? Ka ishe wa?"

Sai ya ce, murya can ƙasa, "Ke mi kike so in yi?"

Nan raina ya ɓaci. Na taka rana na zo, na kashe kaina da bakina, kuma ni zan yanke masa hukunci? Na ce, "Kak ka tambaye ni! In ka zauna, duk ranar da iska tat taso ka dube ni ka tuna. Ba ni iya zama da wannan kallon."

Daga nesa ladan ya fara gyaran murya a lasifika. Hayatu ya miƙa wa Gwaggo littafin, ya kama wuyan babbar rigar ya cire ta ta ka.

Kakinsa ne a ciki. Riga da wando, har da 'yar wuƙar yanka leda a aljihu.

Na tsaya ina kallonsa. Wato ko da yake zaune yana bitar karatun neman aurena, rabin jikinsa yana Tungar Faru. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

"Dama ka shirya," na ce.

"Sadiya, wallahi sabo na..."

"Tahi. Kiran salla a kai."

Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "In na gama ina zuwa wurin Baba, ko korata za shi yi da sanda."

Ban amsa ba, don in na buɗe baki cewa zan yi ya dawo. Na ji ƙarar takalminsa yana gudu a lungu, Gwaggo tana ta sallallami da babbar riga a hannu.

La'asar ta yi. An shimfiɗa sababbin tabarmi. Baffannina na Wurno sun iso da rawunansu, an kai ruwa, an kai goro. Ni ina ɗaki cikin atamfar da na turara, don ban iya gaya wa Inna ba. Tana ta leƙa soro tana dawowa. Abinci ya huce. Yaya Lawwali ya shigo yana kaɗa makullin Fijo a yatsa.

"Ina malamin dajin naki? Ko awaki sun sake hwasa shinge? Na ce mai shi aje aikin ga in sa shi kwangilar siminti, ya ƙiya. Ga irinta nan."

Kafin in ba shi amsa aka ce Baba na kira.

Na durƙusa a bakin zaure, kaina a ƙasa. Baba yana zaune a kan buzunsa, har yanzu tsohuwar rigar roƙon ruwa ce a jikinsa, muryarsa ta dushe saboda addu'a.

"Kin san inda yake?"

"Ya tahi Tungar Faru, Baba. An yi ruwa can jiya, gobe ta ag gayyar dashe."

Baffannina suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "An yi ruwa? Masha Allahu," sannan ya tuna abin da ya tara su ya kama bakinsa.

"Gwaggonai ta aiko min jiya cewa ta ɓoye shi," in ji Baba. "Wa ya kai mai labari?"

Da na ce Ishaya ne, da ba wanda zai bincika.

"Ni ta, Baba."

Ina jin numfashin Yaya Lawwali a bayana.

"Ke kinka taka da ƙahwarki?"

"I, Baba."

"Kin san abin da nac ce?"

"Na sani. Mutane na jiranai, Baba. In ba su gane shi ba, ba su ƙara hitowa. Gonakinsu..."

Baba ya daɗe yana jan carbi. Na ɗauka a raina zai yi faɗa, bai yi ba.

"Lawwali," ya ce. "Kwallar da sunka kawo, a ɗaure ta. Gobe da sahe ka sa ta mota ka mai da musu. A naɗe tabarmi."

Ban san yadda na kai ɗaki ba. Ina kwance ina jin Inna tana ɗaure kwallar da tsohon zane, tana ja da ƙarfi kamar kwallar ce ta yi mata laifi. Ta ajiye ta a bakin soro. Ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, "Kin kyauta ma kanki."

Gab da magariba iska ta juya. Ƙofar langa-langa ta buga, kaji suka ruga, wani ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga. Sai tsawa. Sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Unguwa ta kaure da kabbara da guɗa, Uwani ta fito tsakar gida tana juyi da hannu sama, Inna na tara bokitai tana kuka tana dariya. Ni tunanina ɗaya: sun haye rafin nan ko ba su haye ba? Na fito na tsaya a cikin ruwan, atamfa ta manne mini, ba mai gane hawaye. A nan, bayan komai ya lalace, amin ɗin ta fito da kanta.

"Sadiyatu!"

Baba ne a bakin soro, ruwa na zuba daga gemunsa. Kwallar tana nan ɗaure kusa da ƙafarsa. A hannunsa kuwa ɗan dogon yaron nan ne na bayan randa.

"Abin ga, in ba a dasa shi ga ruwan ga ba, mutuwa shikai?"

"I, Baba."

"Kawo min hwartanya."

Na kawo da gudu. Ya tsallake kwallar ya fita ƙofar gida, daidai wurin da ya ce ba mai haƙa masa rami. Ya tattare riga, ya sunkuya ya fara sara, maƙwabta suna leƙe daga zaurukansu. Da ramin ya yi, ya ɗauki dashen zai cusa shi yadda yake.

"Baba," na ce, "sai an cire ledar."

Ya ɗago ya dube ni, kallo mai tsawo. Sannan ya miƙo mini.

"To cire. Ke anka koya ma."

Ina yage ledar da haƙori, sai ga fitilun Fijo sun haske mu. Yaya Lawwali ya leƙo ta taga yana kare kai da jarida.

"Baba, in sa kwallar cikin but ɗin mota tun yanzu? Kada ruwa su ɓata kayan mutane."

Baba bai dube shi ba, bai dube ni ba. Ya karɓi dashen, ya zaunar da shi a ramin, ya shiga tura ƙasa da tafin hannunsa yana dannawa.

"Baba?" Yaya ya sake kira.

"Na ji ka," in ji Baba. "Bari in gama dashe."